Katunan kakana da sanarwar rasuwarsa sun saɓa, wanne zan kama?

Maman Nabila:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka ta bin salsala. Watan jiya, bayan rasuwar goggona, muna kwashe kayan ɗakinta sai muka tarar da wani tsohon gwangwani can ƙasan akwati, an naɗe shi da tsumma. A ciki akwai katunan gidan waya guda 14, irin masu hoto a gaba da rubutu a baya, waɗanda kakana ya riƙa aiko wa kakata lokacin da yake aikin jirgin ruwa. Akwai ɗan littafinsa na aiki, bangon duk ya koɗe, sai kuma guntun jarida da aka yanko da almakashi, ɗauke da sanarwar rasuwarsa.

Abu biyu ne suka hana ni barci. Sanarwar ta ce ya rasu a 1979 yana da shekara 80, wato haihuwar 1899 ke nan. A littafin aikin kuwa 1907 aka rubuta a matsayin shekarar haihuwarsa. Na biyun shi ya fi damuna. Sanarwar ta ce ya bar 'ya'ya shida, kuma duk shidan na san su. Amma a katuna uku ya rubuta sunan wata Hauwa. A ɗaya ma cewa ya yi, "Ina fata Hauwa ta fara tafiya." Mahaifina ya rasu, kuma ban taɓa jin wannan suna a bakinsa ba. Ta ina zan fara?

Malam Isiyaku:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan goggo, ya gafarta wa kakanninki. 'Yata, na yi shekaru ina aiki a ma'ajiyar tsofaffin takardu, kuma abin da na koya shi ne kowace takarda sai an tambaye ta abu biyu: wa ya faɗi abin da ke cikinki, kuma yaushe ya faɗa? Sanarwar rasuwa a kan ranar mutuwa shaida ce mai ƙarfi, domin wanda ya kai ta jarida yana wurin, abin bai fi kwana biyu ko uku da faruwa ba. Amma a kan shekarar haihuwa fa? Ɗa ne ko ƙane, zuciya cike da jimami, aka ce masa shekararsa nawa, ya ɗaga kai ya ce za su kai tamanin. Ba ƙarya ya yi ba, ƙiyasi ya yi.

Ki lura 80 cikakken adadi ne. Masu nazarin ƙidaya sun daɗe da gano cewa mutane na tattara shekarunsu a kan adadin da ya ƙare da sifili ko biyar. A ƙidayar Ingila ta 1841 ma umarni aka ba masu ƙidayar cewa duk wanda ya wuce shekara 15 a rage shekarunsa zuwa biyar mafi kusa ta ƙasa, mai 29 ya koma 25. Duk inda na ga 60 ko 70 ko 80 a sanarwar rasuwa, da fensir nake rubuta shi.

Sadiq:
To ke nan Malam, 1907 ɗin littafin aiki ita ce daidai?

Malam Isiyaku:
Ban ce ba, ɗana. Littafin ya fi kusa da gaskiya don daga bakin mai shi aka ji, yana da rai da lafiya. Sai dai shi ma ba ranar da aka haife shi aka rubuta ba. Mutum ya je neman aiki, ya san ana son matasa masu ƙarfi, yana iya zaftare 'yan shekaru. Wani kuma yaro ne ƙarami, sai ya ƙara. Littafin nan a kan sunan jirgi da ranar hawa da ranar sauka ba shi da na biyu. A kan haihuwa kuwa, shi ma ji ya yi.

Kawu Ɗanladi:
Ni fa wannan bautar takarda ce ba na so. Wa ya rubuta takardun? Akawu ne da bai san mutumin ba, ba ya jin harshensa, ya ji suna ya rubuta yadda kunnensa ya ɗauka. Na ga sunan mahaifina an rubuta shi iri huɗu a takarda huɗu. Amma kakata, wadda ko alif ba ta sani ba, tana zaune za ta jero maka kakanni bakwai ba ta yi tuntuɓe ba, har da wanda ya auri wa da wanda ya yi ƙaura. Maman Nabila, ki ajiye gwangwanin nan ki nemi tsofaffin gidanku tun suna numfashi. Takarda za ta jira ki, tsoho ba zai jira ba.

Malam Isiyaku:
Kawu, a kan gaggawar zuwa wurin tsofaffi ina bayanka ɗari bisa ɗari. Inda muka rabu shi ne a ce ta ajiye gwangwanin. Baka tana riƙe suna da dangantaka da labari, amma ba ta riƙe shekara. Kuma tana da wata ɗabi'a: idan kaka da jika sun yi suna ɗaya, bayan zuriya uku sai su narke su zama mutum guda. Na sha ganin haka, a ba ka labarin mutum ɗaya, ka zauna da lissafi ka ga sai ya yi shekara 140 kafin ya aikata duk abin da aka jingina masa. Sannan ka duba, duk tsofaffin gidan nan babu wanda ya taɓa ambata mata Hauwa. Kati ne ya ambata.

Kawu Ɗanladi:
Ba su ambata ba don ba a tambaye su ba. Rashin faɗa daban, rashin sani daban.

Anti Rabi:
Wani abu game da shekarun. Idan wanda ya ba da sanarwar da lissafin Hijira yake ƙirgawa, shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, shekara 33 ta wata daidai take da kusan 32 ta rana. Tamanin ta wata za ta dawo kamar 77 da rabi. Bai cike giɓin shekara takwas ba, amma ya rage shi. Na faɗa ne don ni wannan ya taɓa warware mini wani saɓani tsakanin takardu biyu na mahaifiyata.

Baba Mai Kan Sarki:
'Yata, ni tara kan sarki nake yi tun ina saurayi, don haka bari in taɓa ɓangaren katunan. Kafin komai, don girman Allah kada ki ɓamɓare kan sarki ko ɗaya, kuma kada ki yarda wani ya ce a kai a liƙe su da leda. Zafin injin nan yana cin tawada, kuma in an liƙe ba a komawa. Salatif ma haka, bayan 'yan shekaru sai ya bar jan tabo. Ki ɗauki hoton gaba da baya na kowane kati a wuri mai haske, ki ba kowanne lamba a wata takarda daban.

Yanzu ki gaya mini, katunan da ke da sunan Hauwa, me ke jikin kan sarkinsu, kuma hatimin gidan waya yana karantuwa?

Maman Nabila:
Baba, na duba da madubin ƙara girma. Na farko kan sarkin babu sunan ƙasa ko kaɗan, sai kan wani mutum, hatimin ya ce Liverpool amma shekarar ta goge. Na biyu hoton mashigin Suez ne, an buga Port Said, kan sarkin na wani mai jar dara ne, amma an ja baƙaƙen layuka uku a kan fuskarsa, kamar an soke shi. Na ɗauka wani yaro ne ya yi wasa da shi. Na uku kan wata mace ce, kuma akwai wata kalma da aka buga a gefe, PAQUEBOT.

Baba Mai Kan Sarki:
Madalla! Ba yaro ba ne ya yi wasa, gwamnati ce. Wannan Sarki Faruk ne na Masar. Sojoji sun kifar da shi a Yulin 1952, aka kafa jamhuriya a 1953, to maimakon a zubar da kan sarkin da aka riga aka buga, sai aka bi su da layuka a kan fuskarsa aka ci gaba da sayarwa. Katin nan ba zai yiwu a ce an aiko shi kafin 1953 ba.

Wanda babu sunan ƙasa na Birtaniya ne, su kaɗai ne ba sa rubuta suna, kan mai sarauta ya wadatar. Namijin ina kyautata zaton George na shida ne, wanda ya rasu a Fabrairun 1952. Macen kuwa Elizabeth ce, kuma nata sun fara fita ne a ƙarshen 1952. Kalmar nan ta gefe tana nufin a cikin jirgi aka jefa katin, yana kan teku, sai da aka isa tashar ruwa aka miƙa wa gidan waya.

Amma ki riƙe wannan da kyau: kan sarki yana gaya miki "ba kafin kaza ba", ba ya gaya miki "ba bayan kaza ba". Mutum na iya sayen kan sarki ya ajiye a aljihu shekara biyu. Hoton katin ma ya fi haka yaudara, domin kati kan yi shekara ashirin a kanti kafin a saya. Ina da wani da bayansa babu layin nan na tsakiya da ke raba adireshi da saƙo. Da can bayan kati na adireshi ne kawai, sai a 1902 Birtaniya ta yarda a raba, Amurka kuma a 1907. Ka ga bugun katin tsoho ne sosai, amma hatimin da ke kansa na bayan yaƙin duniya na farko ne.

Malam Isiyaku:
Baba ya buɗe miki ƙofa. Yanzu ɗauko littafin aikin. Kowace tafiya tana da layinta: sunan jirgi, lambarsa ta rajista, inda aka hau da rana, inda aka sauka da rana. Ki nemi tafiyar da ta faɗo cikin 1953, ki jera katunan a gefenta. Lambar jirgin nan kada ki raina ta, domin suna yana maimaituwa, ana ma canza shi, amma da lamba ake neman jerin sunayen ma'aikatan jirgi. Idan jirgin Birtaniya ne, mafi yawan waɗannan takardu ba a Ingila suke ba, suna Kanada, a jami'ar Memorial da ke Newfoundland. Ana rubuta shekaru ko shekarar haihuwa a jerin. In kika samu na tafiya uku ko huɗu a shekaru mabambanta, za ki ga ko abu ɗaya ya riƙa faɗa ko yana sauyawa.

Sadiq:
Anti, ki gwada FamilySearch, shafin intanet na binciken zuriya, kyauta ne. Akwai kuma shafukan da mutane suka riga suka haɗa bishiyar zuriya, wataƙila wani ya riga ya yi miki aikin. Ko ki yi gwajin DNA, in Hauwa tana da zuriya za su fito.

Anti Rabi:
Sadiq, hotunan takardun asali da ke irin waɗannan shafuka alheri ne babba, ina amfani da su. Bishiyar da wasu suka haɗa kuwa, ita ce ta ci mini shekara biyu. Na ga sunan kakan mahaifiyata a bishiya har guda tara, duka da uba ɗaya da shekara ɗaya, na ce ai mutum tara ba za su haɗu a kan kuskure ba. Na bi wannan layi, na cika littafi guda, na kira 'yan uwa na ba su labari. Ranar da na samu takardar auren ta asali na ga sunan uban daban, sai da na zauna a ƙasa. Mutum ɗaya ne ya yi kuskuren, takwas suka kwafa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne komawa wurin wata tsohuwa da ta yi murna da labarin in ce mata ba namu ba ne.

Hajiya Binta:
Ku yi haƙuri, ni ina da magana a kan ɗaya ɓangaren. Kowa ya duƙufa kan hatimi da lamba, babu wanda ya tsaya ya ce shin ya dace a tono. Mutanen nan sun yi shiru a kan yarinyar nan shekara saba'in. Goggonki ta ɗaure gwangwanin da tsumma ta sa a ƙasan akwati, ba ta nuna wa kowa ba. Ba ki ganin da dalili? In 'yar wata mata ce daban fa? In wani abin kunya ne da suka rufe don zaman lafiyar gida? Wanda ya mutu ba zai iya kare kansa ba. Sadiq kuma yana maganar DNA kamar shan ruwa, alhali gwajin nan ya sha fito da abin da ya raba 'yan uwa.

Kawu Ɗanladi:
Hajiya ta faɗi gaskiya a kan DNA. Amma goggon ba ta ƙona katunan ba. Mai son abu ya ɓace ba ya naɗe shi da tsumma.

Hajiya Binta:
Ajiyewa don kai daban, Kawu, bazawa a duniya daban.

Malam Isiyaku:
Hajiya, damuwarki tana kan hanya, kuma ina ba Maman Nabila shawara duk abin da ta gano ya tsaya a cikin gida tukuna. Ko hukumomi suna kiyaye wannan: Amurka sai bayan shekara 72 take sakin takardun ƙidaya masu sunaye, Ingila sai bayan 100. Amma kafin zuciya ta tafi ga abin kunya, a sake karanta sanarwar. Cewa ta yi ya bar 'ya'ya shida. Ya bari. Sanarwar rasuwa masu rai take ƙirgawa, ba duk waɗanda aka haifa ba. Kuma wa ya aika wa katunan? Matarsa. Mutum ba ya rubuta wa matarsa a buɗaɗɗen kati, wanda ko mai kai wasiƙa zai iya karantawa, yana tambayar 'yar da yake ɓoyewa.

Maman Nabila, ki jera shekarun haihuwar shidan nan. Ki duba ko akwai wuri da tazarar ta yi faɗi.

Maman Nabila:
Malam, na jera, jikina har rawa yake. 1946, 1949, sai 1955, 1957, 1960, 1963. Tsakanin na biyu da na uku shekara shida. Kuma littafin ya nuna tafiya ɗaya doguwa, ya hau a farkon 1953 bai sauka ba sai ƙarshen shekarar. Na nemi rajistar haihuwa ko ta mutuwa ta wannan lokaci, an ce mini babu.

Malam Isiyaku:
"Babu" a bakin ma'ajiya tana da ma'ana da yawa. Ko ba a taɓa rubutawa ba, ko gara ta ci, ko ruwa, ko wuta. Ƙasashen da ake ganin sun fi kowa adana takardu ma sun yi asara mai yawa. Ƙidayar Amurka ta 1890 gobara ta lalata mafi yawanta a 1921. Ma'ajiyar takardun Ireland ta ƙone a Dublin a 1922 lokacin yaƙin basasa. Ƙidayar Ingila da Wales ta 1931 ta ƙone ƙurmus a 1942. Mutanen da ke cikin waɗannan takardu sun rayu, takardar ce ta tafi. Yanzu lokacin maganar Kawu ya yi. Na 1946 yana raye?

Maman Nabila:
Yana raye, baffana ne, sai dai jiki ya yi rauni.

Kawu Ɗanladi:
To 'yata, ki je da kanki, ba ta waya ba. Kada ki je da taron jama'a. Kada kuma ki ce masa "Baffa, ko kuna da ƙanwa da ta rasu?", domin kin sa masa amsa a baki. Ki miƙa masa katin ya riƙe da hannunsa, ki karanta masa in ido ya gaza, sannan ki yi shiru. Shirun zai yi miki nauyi, ki daure. In ya yarda ki naɗi muryarsa, in bai yarda ba ki rubuta da zarar kin fito. In kuma ya kau da kai ya canza magana, ki bi shi, ki bar zancen. Wannan haƙƙin da Hajiya take magana a kai ke nan.

Hajiya Binta:
In haka za a yi, ba ni da ja.

Maman Nabila:
Na dawo, 'yan uwa. Na je jiya da yamma, na yi yadda Kawu ya ce. Ya riƙe katin Suez ɗin ya daɗe yana shafa gefensa da babban yatsa. Da na karanta layin, sai ya ce, "Ta fara. Ni nake riƙe mata hannu." Ƙanwarsu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙyanda ce ta ɗauke ta babansu yana kan teku, shi baffa yana da shekara bakwai. Ya ce kati na uku bayan rasuwar ya iso, babansu bai sani ba, yana ta gaishe ta. Wanda ya karanta wa kakata katin ya tsallake wurin, amma ta karɓa ta ce a nuna mata inda sunan yake, ta ɗora yatsa a kai. Daga ranar ba ta ƙara furta sunan ba, su ma yaran suka bi ta. Mahaifina a 1957 aka haife shi, mai yiwuwa bai taɓa ji ba.

Na tambaye shi shekarun kakana, ya ce shi ne ya kai sanarwar jarida, kuma tamanin ɗin faɗa kawai ya yi. Malam, yaya zan rubuta Hauwa a jerin, tunda ba ni da ranar haihuwa ko ta rasuwa?

Malam Isiyaku:
Allah ya jiƙanta, ya sa mai ceto ce. Ki sa ta a gurbinta, ta uku, tsakanin na 1949 da na 1955. Haihuwa: wajen 1952. Rasuwa: 1953, lokacin tafiyar jirgi kaza, ki sa ranar hawa da ta sauka. A ƙasa ki rubuta inda kika samo kowanne: kati mai lamba kaza da kaza, littafin aiki shafi kaza, da bakin baffa, da ranar da ya faɗa miki. Na kakanki kuma ki rubuta 1907 bisa littafin aiki, ki ƙara da cewa 80 ɗin jarida wanda ya ba da ita da kansa ya ce ƙiyasi ne, har jerin ma'aikatan jirgin ya zo.

Baba Mai Kan Sarki:
Katin Suez ɗin ki sa shi a ambulan na takarda shi kaɗai, nesa da rana da laima.

Maman Nabila:
Baba, ba ya hannuna. Da zan tafi baffa bai miƙo mini ba, ni kuma ban tambaya ba. Na riga na ɗauki hotonsa gaba da baya. Ya ce in dawo ranar Asabar da sauran goma sha ukun, akwai wani suna a kati na tara da yake ganin ya san mai shi.